RA'AYINMU: A Yashe Hanyoyin Ruwan Kwarin Haɗejiya Tun Da Rani

Ruwa ya fara ja da baya a kwarin Haɗejiya, kuma kamar yadda aka saba, maganar ambaliya ita ma ta fara ja da baya tare da shi. A watan Agusta da na Satumba ba abin da ake ji a rediyo sai labarin garuruwan da ruwa ya ci, da gonakin shinkafa da suka nutse, da magidantan da suka koma kwana da iyalinsu a azuzuwan makarantun firamare. Manya su taho cikin jerin gwanon motoci su yi jaje, a raba buhunan masara da tabarmi da barguna, a kafa kwamiti. Da zarar hunturu ya kama, sai kowa ya shiga wata sabgar, ba za a sake tunawa da kogin ba sai ya kuma shigowa gari. Mu dai a namu ganin, watannin nan da ake mantawa da kogin, watau daga Nuwamba zuwa Mayu, su ne kaɗai lokacin da za a iya yin wani abu a kansa. Abin da ake yi a Satumba taimako ne, kuma Allah ya saka wa masu yi, amma a fuskar hana ambaliya ihu ne bayan hari.

Domin mai karatu wanda bai san yankin ba ya fahimci abin da muke nufi, ya kamata mu ɗan bayyana yadda ruwan yake kwance. Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa a kudu da birnin Kano, kafin a kai Wudil, daga nan su zama kogin Haɗejiya. Ya bi ta Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya nufi gabas. Da ya shiga ƙasar Haɗejiya sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayin rairayi, wadda ba ta da gangare sosai, saboda haka gudunsa ya ragu, ya rarrabu rassa rassa. Reshe ɗaya shi ne kogin Kafin Hausa, wanda yake ballewa tun kafin a isa garin Haɗejiya. A gaba kuma akwai tsohon kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da Marma wanda yake zuba cikin tafkin Nguru. Daga kudu kogin Jama'are yana gangarowa daga tsaunukan Jos ta ƙasar Katagum. A wajen Gashuwa ruwayen suke taruwa su zama kogin Yobe, wanda yake bin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar har ya faɗa tafkin Cadi.

A zamanin da, wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ita ce arzikin yankin. Kowace damina kogunan su cika su batse, ruwa ya malale fadamu, a shekara mai kyau har hekta 250,000 ko fiye. Manomi ya shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, ruwa ya rene ta. Idan ya janye, a bi danshin da ya bari a shuka wake da sauransu. Masunta su yi ta kamu, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, mata su yanki kaba, a haƙi kanwa, ruwan da ya nutse ƙasa kuma ya cika rijiyoyin garuruwa masu nisa da kogin. Kifin da ake lodi a tashar jirgin ƙasa ta Nguru zuwa Kudu daga nan yake. Hatta tsuntsayen da suke gudo wa sanyin Turai a nan suke yin hunturu, shi ya sa mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye, su ne na farko a Nijeriya. Abin lura a nan shi ne, a wancan lokaci ruwa yana zuwa, yana kuma tafiya. Da bazara rassan kogin sukan bushe ƙurmus, har yara su yi wasa a cikinsu.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aikin da Gwamna Audu Bako ya sa wa hannu. A 1992 aka gama ta Calawa a ƙasar Ƙaraye, a daidai wannan lokaci kuma aka datse kogin a kusa da Auyo domin noman rani na kwarin Haɗejiya. Ba za mu yi butulci ba. Waɗanda suka ga fari da yunwar 1973 sun san dalilin da ya sa aka yi Tiga. Ruwan famfon birnin Kano daga madatsun nan yake, haka kuma shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure. Dubban gidaje suna ci daga nan. Amma fa madatsun biyu sun riƙe wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan da yake bin kogin Haɗejiya, kuma da haka suka juya wa kogin halinsa. Babbar ambaliyar shekara shekara, wadda take wanke rassan kogin ta kwashe rairayi da laka, ta ragu. A maimakonta sai ga ɗan ruwa marar ƙarfi yana tsiyaya dukan rani, domin dole a saki ruwa saboda famfon Kano da gonakin noman rani. Kogin da yake bushewa ya daina bushewa.

A nan ne ciyawar kacala ta sami gindin zama. Ita wannan ciyawa ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya gudu kuma ba ya ƙafewa. Ta fi mutum tsawo, saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka tana tsirowa gaba, irinta kuwa kamar auduga yake, iska ce take ɗaukarsa. Inda ta kafu sai ta rage wa ruwa gudu, ruwa ya ajiye lakar da ya ɗauko, lakar ta ƙara rage zurfin hanyar, kacala kuma ta ƙara samun wurin yaɗuwa. A haka, shekara bayan shekara, bakin kogin Kafin Hausa ya cike, tsohon kogin Haɗejiya ya toshe, Burum Gana ya shaƙe. Ruwa kuwa ba ya tsayawa jiran kowa. Da ya rasa hanyoyinsa na asali sai ya karkata zuwa Marma, ya tafi tafkin Nguru inda ba shi da wata mafita ta kirki, ya kwanta a gonakin mutanen Guri da Kirikasamma da Nguru, wani wurin shekara da shekaru bai tashi ba.

To, ga abin mamaki. A cikin kwari guda, wani gari yana kukan ruwa ya yi masa yawa, wani kuma a gaba kaɗan yana kukan bai ga ruwa ba. Manomin da ke gefen Marma ya rasa gonar gado domin ta zama dajin kacala, wanda ke gefen Burum Gana ya rasa tasa domin ta zama fako. Masunci ba ya iya ratsa ciyawar da kwalekwale, balle ya jefa koma. Tsuntsun jan baki ya sami maɓoya a cikinta, daga nan yake tashi kamar hadari ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa, gwamnati kuma ta ɗauko jirgin sama ta yi feshi da kuɗi masu yawa, alhali gidan tsuntsun yana nan ba a taɓa shi ba. Sauro ya yi yawa, haka ma katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya. Ruwan kogin Haɗejiya da yake isa Gashuwa ya ragu ainun, har ya zamana kogin Jama'are ne kusan shi kaɗai yake riƙe da kogin Yobe.

Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin sirrin ambaliyar da ake fama da ita. Idan shekara ta zo da ruwan sama mai yawa, madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwan da ya gangaro zai tarar da hanyoyin da a da suke raba shi gida huɗu sun toshe. Sai ya koma baya, ya hau tudu, ya shiga Auyo da Kafin Hausa da Miga da Ringim, ya tsaya a bakin garin Haɗejiya. An gani a damina ta 2001, lokacin da mutane da yawa suka rasu a jihohin Kano da Jigawa. An gani a 2010. An gani a 2020, sa'ad da samarin Haɗejiya suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa a bakin gari. A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, Jihar Jigawa kaɗai ta rasa fiye da 100.

Kowane lokaci kuma gardama ɗaya ce take tashi. Mutanen ƙasa su ce an buɗe madatsa an sako musu ruwa, masu kula da madatsa su ce ba su buɗe kome ba, idan madatsa ta cika da kanta take zubarwa. Haka aka yi ta ja in ja a 2010 tsakanin jami'an Jihar Jigawa da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Mu ba mu ga amfanin wannan gardama ba. In ma gaskiya ne madatsa da kanta take tumbatsa, tambayar da ta kamata ita ce, me ya sa aka bar ta ta shiga watan Agusta da ciki cike? Hukumar kula da yanayi ta ƙasa tana ba da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar kula da koguna ita ma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari kafin ruwa ya sauka. Mai tulu da ya ga hadari ya haɗo, ya san zai rage ruwan da ke ciki in yana son ya tari sabo. Mun sani akwai tsoro, kada a rage ruwa damina kuma ta zo gajeriya, famfon Kano da manoman Kadawa su shiga uku. Tsoro ne na gaskiya. Amma maganinsa shi ne a yi rubutacciyar ƙa'ida, wadda jihohin da abin ya shafa suka sa wa hannu, mai faɗin iyakar ruwan da kowace madatsa za ta riƙe a kowane wata, a kuma riƙa sanar da jama'a tsayin ruwan ta rediyo kowane mako da damina, da Hausa da Barbarci da Badanci da Fulatanci. Ruwa yana kwanaki kafin ya taso daga Wudil ya isa Haɗejiya. Waɗannan kwanaki sun isa mutum ya kwashe hatsinsa da awakinsa, in an gaya masa.

Sauran rabin sirrin kuwa shi ne, kogin ba shi da uban gida ɗaya. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, madatsun suka koma hannun Hukumar Haɗejiya da Jama'are mai hedkwata a Kano. A 1991 aka ƙirƙiro jihohin Jigawa da Yobe, saboda haka madatsun suna Jihar Kano, makullinsu yana hannun Tarayya, ambaliyar tana Jigawa, tafkin Nguru da Gashuwa suna Yobe, kogin Jama'are kuma yana bi ta Bauci. Ƙasan kogin ma, wajen tafkin Cadi, wata hukumar ce dabam take kula da shi. Ga ma'aikatun ruwa, ga na gona, ga na muhalli, ga masu gandun daji a Dagona da Baturiya, ga hukumomin ba da agajin gaggawa, ga ƙananan hukumomi fiye da goma. Kowa yana da ofis da mota da takarda mai tambari. Amma a tambaya, wane ne aikinsa ya tabbatar bakin Burum Gana a buɗe yake kafin ruwan fari ya sauka, wanda in bai yi ba za a kira shi a tuhume shi? Sai a yi ta kallon juna.

Ba wai ba a taɓa yunƙuri ba. Tun 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗejiya da Nguru da taimakon ƙungiyoyin waje, kuma yawancin abin da aka sani game da ruwan yankin daga awon da ma'aikatansa suka yi ne. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka yi lissafi suka gano cewa kowace lita miliyan ɗaya ta ruwa da ta malala fadama tana samar da amfanin da ya kai dala 32 ta hanyar noma da su da itace, alhali irin wannan ruwa a gonakin noman rani na kogin Kano bai ba da dala 2 ba. Lissafin ya tsufa, kuma noman Kura ya bunƙasa bayan nan, amma ya isa ya kashe bakin masu cewa ruwan da ya wuce madatsa ya tafi a banza. A shekarun 2000 wani shiri da Gwamnatin Ingila ta tallafa ya haɗa kan ƙauyuka suka shiga Burum Gana da adda da lauje suka buɗe shi, ruwa ya koma wuraren da suka daɗe ba su gan shi ba. A 2006 gwamnonin Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka taru a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya aka kafa asusun kula da kogunan. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 domin gyaran madatsu da gonakin noman rani a Arewa, har da Tiga da Calawa da kwarin Haɗejiya. A 'yan shekarun nan kuma Gwamnatin Jihar Jigawa ta sayo motocin haƙa masu shiga ruwa ta sa su aikin cire kacala. Wannan abin yabo ne, kuma mun yaba.

Sai dai duk waɗannan yunƙuri cuta ɗaya take kashe su. Ana ɗaukar yashe kogi kamar gina asibiti, watau aikin da za a yi sau ɗaya, a yanka kyalle, a tafi. Kacala kuwa ba ta san an yanka kyalle ba. Hanyar da aka buɗe bana, in aka bar ta damina biyu, ta koma gidan jiya. Shiri ya zo da kuɗin waje na shekara biyar, ya yi aiki mai kyau, wa'adinsa ya cika, Turawa su koma gida, motocin su tsaya a bayan sakatariya ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu saboda an rasa kuɗin man dizal ko wani ɗan ƙarfe. Mun sha ganin haka a ayyukan gwamnati iri iri, ba a nan kaɗai ba. Yashe hanyar ruwa irin sharar gida ce, kullum ake yi. Wurinsa a kasafin kuɗi shi ne gefen albashi da man mota, inda ba a tsallake shekara.

Kuɗin kuwa ba za a ce babu ba. Tun 1981 aka ware wani kaso daga asusun Tarayya domin magance zaizayar ƙasa da ambaliya da hamada, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna karɓar rabonsu. Ya kamata kowane shugaban ƙaramar hukuma daga Ringim zuwa Gashuwa ya iya tsayawa gaban jama'arsa ya faɗi nawa ya karɓa daga wannan kaso a shekarar da ta wuce, da kuma tsawon hanyar ruwan da ya yashe da shi. Wanda ya kwatanta kuɗin man motar haƙa na wata shida da kuɗin sake gina gada ɗaya da ruwa ya karya, ko kuɗin shinkafar da ta nutse a ƙaramar hukuma guda, ba zai ƙara cewa yashe kogi ya yi tsada ba.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar kuɗi, sai dai shawara da ƙarfin hali. Masana sun daɗe suna cewa kacala ba ta jure abu biyu. Na ɗaya, in aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, sai ta shaƙe ta ruɓe, domin ta ganyenta take shaƙar iska. Wanda ya yanke ta a sama ko ya cinna mata wuta aski kawai ya yi mata. Na biyu, ba ta jure ƙasa ta bushe ta daɗe. Saboda haka in da za a tsara sakin ruwan rani yadda rassan da ke ƙasa da Haɗejiya za su sami makonni suna bushe kowace bazara, a ƙone saiwar, a bar shanu su tattake, da rana ta yi aikin da motoci goma ba za su yi ba. Wannan yana nufin a gyara wuraren da famfon Kano yake ɗiban ruwa yadda ba sai an saki ruwa mai yawa ba kafin injin ya samu, a kuma hana ɓarnar ruwa a gonakin noman rani, inda ake barin ƙofa a buɗe dare da rana. Haka nan maganar gina abin raba ruwa a Likori, inda Marma da Burum Gana suke rabuwa, an daɗe ana yinta. Muddin ba a kayyade rabon kowane reshe a wurin ba, Marma zai ci gaba da shan abin da ya fi ƙarfinsa.

Ba za mu ɗora wa hukuma laifin duka ba, domin jama'a ma suna da nasu. Akwai masuntan da suke kafa dumba su tare hanyar ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, tarkon ya tara ciyawa da laka. Akwai manoman da suke fasa gaɓar kogi da dare su ja ruwa zuwa gonarsu, damina ta zo ɓarakar ta zama sabon kogi. Akwai ƙauyen da zai tashi ya yi jinga ya kare kansa ba tare da ya tambayi maƙwabcinsa ba, ruwan da ya tare ya tafi ya kwana a ɗakin wancan, daga nan sai rigima. Jinga aba ce mai kyau, kuma Haɗejiya da Auyo suna bukatar mai ƙarfi wadda injiniya ya auna, amma ruwan da aka hana shiga wani wuri dole ya shiga wani, saboda haka sai an fara shirya masa inda zai je. A cikin garuruwa kuwa, duk kududdufin da kakanninmu suka bari yana shanye ruwan unguwa an cike shi da shara an yanka filoti, lambatu ya cika da leda, kwalbati ya toshe. Sa'an nan in ruwa ya shiga ɗaki a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya sa hannu a takardar filin da ke kan hanyar ruwa yana da suna, kuma yana da ofis.

A nan ne muke ganin sarakuna suna da babban aiki. Kafin a san wata hukumar raya kogi, Sarkin Ruwa da dagaci da bulama su ne suke faɗin ranar da za a shiga su, da inda za a tare, da inda ba za a tare ba, kuma da gayya ake gyara mashigi. Mutanen Bade har yanzu suna bikin kamun kifi a Gogaram, alamar wannan tsari bai mutu ba. Motar haƙa ta buɗe babbar hanya, amma ƙananan rassa da suke shiga gonaki sai hannu. In masarautun Haɗejiya da Ringim da Bade da Nguru da Katagum suka raba wa kowane gari yankin da zai riƙa sharewa, ƙaramar hukuma ta ba da adda da takalmin ruwa da kwalekwale da abincin rana, aka kuma ajiye maganin tsargiya da na saran maciji a asibitin da ke kusa, to, aikin zai ɗore ko shirin waje ya ƙare. Samarin da suke tafiya ci rani birane neman aikin leburanci, in da za a biya su ladan yini, da yawansu sun fi son su yi shi a gida.

Wajibi ne kuma mu taɓo lafiyar madatsun su kansu, ko da a taƙaice. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta fashe, ga ta nan kusa da Tiga. A ranar 10 ga Satumba 2024 ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ta faru a 1994. Tiga ta haura shekara 50, da ƙasa aka gina ta, kuma ruwan da take riƙe da shi ya ninka na Alau sau da yawa. A riƙa duba ta kowace shekara, a buga sakamakon a jarida kowa ya gani. Game da madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a kan kogin Jama'are, mun fahimci bukatar mutanen Bauci, amma shawararmu ita ce kada a taɓa kogin da ya rage yana numfashi sai an nuna an iya riƙon wanda aka riga aka datse. In aka yi wa Jama'are abin da aka yi wa Haɗejiya, mutanen Gashuwa da Gaidam da 'yan uwanmu na Diffa su ne za su biya.

Yanzu ne gwamnatocin jihohi suke shirya kasafin kuɗin shekara mai zuwa, yanzu ne kuma ruwa yake sauka yadda mota da mutum za su iya shiga. Muna kira ga gwamnonin Kano da Jigawa da Yobe da Bauci, da Ministan Albarkatun Ruwa, su zauna kafin ƙarshen shekara, su farfaɗo da asusun Damaturu, su naɗa mutum ɗaya da za a riƙa tambaya. A fitar da sunayen rassan da za a yashe bana, da tsawon kowanne, da wanda aka ba aikin, a liƙa a ƙofar kowace sakatariya da fadar kowane hakimi. A fara daga ƙasan kogi a yo sama, domin in aka buɗe sama ƙasa tana toshe, an ɗauke ambaliyar Auyo ne an kai wa Guri. Wannan jarida za ta tura wakilanta Likori da bakin kogin Kafin Hausa da tafkin Nguru a watan Mayu, za mu kuma buga abin da suka tarar, da hotuna.